Magani da aikin jinya

Banifandu unguwa ce a cikin birnin Yamai. Da damina ruwa yana kwanciya a titunanta, sauro ya yi yawa, masassara ta kama yara. Iyaye mata sukan goya su zuwa gidan likita. Can ma'aikacin jinya yake tarbar su.

Ba a iya aikin jinya da ka. Sai an yi karatu. A Yamai akwai babbar makarantar kiwon lafiya ta ƙasa mai sunan Damure Zika. Shi ma ma'aikacin jinya ne, ya rasu a 2009. Akwai irinta a Damagaram. Ɗalibai suna koyon matakai 5 na aikinsu.

Na farko, dubawa. Ma'aikaci yana tambayar uwa: «Inna, yaushe ciwon ya fara? Yana amai? Kin ba shi wani magani a gida?» Sai ya auna nauyin yaro da zafin jikinsa. Zafin mai lafiya wajen digiri 37 ne. In ya kai 39, jiki ya yi zafi ƙwarai.

Na biyu, gane matsala. Ba kowane zafin jiki ne ciwon sauro ba. Don haka ake ɗiban ɗigon jini a yatsa, a gwada.

Na uku, tsara abin da za a yi. Na huɗu, aikatawa. Na biyar, sāke dubawa, don a san ko magani ya yi aiki.

Magani iri-iri ne. Akwai ƙwaya, akwai siro, akwai allura, akwai na shafawa, akwai na ɗigawa a ido. Ƙwaya tana narkewa a ciki, ta shiga jini, jini ya kai ta ko'ina. Daga baya hanta da ƙoda su fitar da ita. Shi ya sa ake maimaita sha a kan lokaci.

Kafin ya ba da magani, ma'aikaci yana yi wa kansa tambaya 5: Wane ne majiyyacin? Wane magani ne? Nawa za a ba shi? Ta wace hanya? Da wane lokaci?

Adadin magani yana bin nauyin yaro. Farasitamol, alal misali, ana ba da miligram 15 ga kowane kilo. Yaro mai kilo 12 zai sha miligram 180. Sai bayan awa 6 a sāke ba shi. In ya yi yawa, yana lalata hanta. Don haka ba a ba yaro rabon babba.

Da can nibakin ake sha don masassara. Sannu a hankali ƙwayar cutar ta saba da shi, ya daina kashe ta. A 2005 Nijar ta canza magani. Sabon yana ɗauke da wani sinadari na ganyen tazargade. Wata masaniya ƴar ƙasar Sin, Tu Yuyu, ita da abokan aikinta suka fitar da shi a 1972. Wanda aka fi bayarwa ana shan sa safe da dare, kwana 3, wato sau 6.

Sau da yawa jiki yakan yi sanyi tun rana ta biyu. Sai uwa ta ɓoye sauran ƙwayoyi don wata rana. Wannan kuskure ne babba. Cutar da ta rage cikin jini tana iya tasowa, yaro ya sāke kwantawa. Dole a shanye magani duka.

Maganin da ake talla a faranti kuwa, rana ta dake shi, wani kwanansa ya wuce, wani jabu ne. A farmasi ko a gidan likita ake karɓar magani, da takardar likita a hannu.

Tambayoyi

1. Faɗi matakai 5 na aikin jinya.
2. Me ya sa ake auna nauyin yaro?
3. Yarinya tana da kilo 10. Miligram nawa na farasitamol za ta sha?
4. Me ya sa aka daina ba da nibakin?
5. Ƙanenka ya ji sauƙi a rana ta biyu. Me za ka ce wa innarku?