Yadda Ake Raba wa Jiragen Sama Hanya a Samaniyar Ƙonni da Adar

Wanda ya ɗaga kai a Birnin Ƙonni ko Malbaza ranar da gari ya washe, ya hangi fararen layuka biyu sun gitta wa juna can ƙololuwa, ɗaya ya doshi gabas ɗaya ya yanko daga arewa ya nufi kudu, ba laifi ba ne in ya tambayi abin da ya hana jiragen da suka zana su yin karo, alhali kowanne yana cin kilomita wajen 850 a sa'a guda. Direban da ya ɗauko siminti daga Malbaza ko albasa daga Galmi yana da kwalta da gefen hanya, yana da birki, in abu ya rikice ya tsaya. Matuƙin jirgi kuwa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai ƙa'idoji da aka jera bisa tartibi, kowace tana rufa wa ta gabanta asiri.

Farkon abin sani shi ne samaniya tana da masu hukunci. Sararin da ke bisa Tawa da Illela da Ƙonni yana hannun cibiyar Yamai ta hukumar ASECNA, wadda aka kafa ranar 12 ga Disamba 1959 a Saint-Louis ta ƙasar Senegal, hedkwatarta kuma tana Dakar. A Yamai ɗin ne ma makarantarta ta EAMAC take, inda ake horar da masu kula da zirga-zirgar jirage. Da an ƙetare iyaka zuwa ɗaya Illelar, ta jihar Sakkwato, sai hukunci ya koma hannun cibiyar Kano, ƙarƙashin hukumar NAMA ta Nijeriya.

To, a ce jirgin alhazai ne zai tashi daga filin Diori Hamani na Yamai zuwa Jidda. Tun yana ƙasa ake shigar da takardar niyyar tafiya, mai ɗauke da lambarsa da irinsa da saurinsa, da hanyar da zai bi zango-zango, da nisan da yake so daga ƙasa, a aika da ita ga dukan cibiyoyin da zai ratsa, ta yadda babu wadda zai zo mata ba zato. Sa'an nan a yanka masa mataki. Ƙa'idar da galibin ƙasashen duniya ke bi ita ce, mai fuskantar ɓangaren gabas ya hau matakin da adadin dubbansa ba ya rabuwa biyu, kamar ƙafa 33,000 ko 35,000, mai fuskantar ɓangaren yamma kuwa ya hau mai rabuwa biyu, kamar 34,000 ko 36,000. Ashe ke nan alhaji mai tafiya da alhaji mai komowa, ko da hanyarsu ɗaya, akwai aƙalla ƙafa 1,000, wato wajen mita 300, tsakaninsu. Dā can, daga ƙafa 29,000 zuwa sama ƙafa 2,000 ake bari, sai a watan Satumba na 2008 aka rage tazarar a Afirka, bisa sharaɗin an jarraba ma'aunin nisan jirgi daga ƙasa an tabbatar da ingancinsa.

A nan ne ya kamata a dakata, domin rukunin nan kacokan a kan ma'auni ya dogara, shi kuwa ba ƙasa yake aunawa ba, nauyin iska yake aunawa, wanda ke sauyawa daga gari zuwa gari. Saboda haka, da jirgi ya yi nisa da ƙasa sai kowane matuƙi ya saita ma'auninsa a kan adadi guda, 1013, domin ko an yi kuskure ya zama kuskuren kowa iri ɗaya ne, tazara ba ta ragu ba. Ga abin da kan faru in tazarar ta ɓace: ranar 5 ga Satumba 2015, a gabashin Senegal, wani ƙaramin jirgin ɗaukar majiyyata da ya taso daga Wagadugu aka ba shi ƙafa 34,000, ya tsinci kansa a matakin wani Boeing 737 mai tafiya gabas a 35,000, suka gogi juna. Babban ya sauka lafiya, ƙaramin ya faɗa teku da mutum 7.

Bayan mataki sai tsaro. Mai kula yana zaune gaban allo, kowane jirgi ɗigo ne mai ɗauke da lamba da nisa daga ƙasa da sauri. Inda rada ke gani, ba ya barin jirage biyu na mataki ɗaya su kusanci juna fiye da mil 5 na ma'aunin teku, wajen kilomita 9. Inda ba ta kai ba, sai a koma lissafin lokaci, a bar minti 10 tsakaninsu. Duk umarnin da ya bayar wajibi ne matuƙi ya maimaita shi kalma bayan kalma, shi kuma ya saurara ya gyara, kuma a ganina wannan 'yar maimaitawa ta tsirar da rayukan da ba wanda ya ƙidaya. In jirgi ya kusa barin hurumin Yamai, sai a sanar da Kano lokacin isarsa da matakinsa, ta yarda, kafin a ce wa matuƙi ya sauya tasha. A sassan Afirka da rediyo ke da rauni matuƙa kan yi shelar inda suke a kan zango 126.9 domin 'yan'uwansu su ji, a wasu hanyoyin kuma an halatta musu su ɗan raɓa dama da tsakiyar layi da mil 1 ko 2.

Idan duk waɗannan suka kuɓuce, saura na'urar cikin jirgi da ake kira TCAS, wadda ba ta jiran kowa a ƙasa, sai dai ta riƙa tambayar jiragen da ke kewaye, tana auna nisansu daga jinkirin amsarsu. In ta lissafa saura daƙiƙa wajen 45 a haɗu, sai ta yi gargaɗi, ɗigon ɗaya jirgin a allon matuƙi ya koma rawaya, matuƙi ya shirya amma kada ya motsa. In ya rage wajen 30, ɗigon ya zama ja, na'urorin jiragen biyu su daidaita tsakaninsu, wannan ta ce a hau waccan ta ce a sauka, matuƙi kuma yana da daƙiƙa 5 ya aikata.

Sai dai akwai mas'ala: in mai kula ya ce sauka, na'ura ta ce hau, wa za a bi? Ranar 1 ga Yuli 2002, a saman garin Überlingen na Jamus, matuƙan wani jirgin Rasha suka bi mai kula suka sauka, na jirgin kaya na DHL suka bi na'ura su ma suka sauka, aka haɗu, mutum 71 suka rasu, galibinsu yara 'yan makaranta. Daga nan aka warware saɓanin ƙarara: na'ura ake bi, domin ita ta san abin da takwararta ta umarta, mai kula kuwa bai sani ba. Matuƙi ya aikata tukuna, sa'an nan ya sanar da Yamai ko Kano, shi kuma mai kula ya kame bakinsa daga ba jirgin wani umarni har na'ura ta ce haɗari ya kau, a koma matakin farko, a rubuta rahoto bayan an sauka.