Shin Zan Iya Mayar da Motar Haya Kafin Wa'adi?

Wani mai sauraronmu, direban tasi a Kaduna, ya rubuto yana cewa ya karɓi mota a kan yarjejeniyar haya da niyyar mallaka, yana biya wata-wata, yanzu kuma biyan ya fi ƙarfinsa. Shin zai iya mayar da ita kafin wa'adi?

Malam, za ka iya, amma a rubuce. A rubuce, ba da baki ba. Dokar irin wannan ciniki ta Najeriya, ta shekarar 1965, ta ba mai haya damar janyewa idan ya sanar da mai motar a rubuce. Sai dai janyewa ba ta share bashi. Ana iya neman ka biya na watannin da ake bin ka, kuma idan abin da ka biya haɗe da su bai kai rabin kuɗin motar ba, ka cike shi ya kai rabi, da diyyar ɓarna idan ba ka kula da motar ba. Wani zai ce, ai mota ta koma hannun mai ita, me kuma za a biya? To, motar da ta sha titi ba ta da darajar sabuwa, kuma asarar nan wani ne zai ɗauke ta. Abin da ba mu so shi ne ka ajiye mukulli ka ɓace, domin nan ne kotu ke shigowa.

Ka kai takardar yarjejeniyar wurin lauya kafin ka mayar da motar, Malam.