Darasin Wannan Wata: Wane Ne Likita Na Gaskiya?

Jama'a, ba duk wanda ya sa farar riga ne likita ba. A ƙauyukanmu akwai masu yi wa mutane allura da ƙarin ruwa, har da tiyata, alhali ba su da izini. Mai kemis ma ba likita ba ne.

A Nijeriya, sai mutum ya yi shekara 6 a jami'a, sannan shekara 1 yana aiki a asibiti ƙarƙashin manyan likitoci. Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori, wadda aka kafa tushenta a 1963, ita ke yi masa rajista. Kowace shekara kuma sai ya sabunta lasisinsa.

Ga abin da ya wajaba a kansa:

1. Ya riƙe sirrin majiyyaci.
2. Ya yi maka bayanin ciwonka, ya nemi yardarka kafin tiyata.
3. Kada ya ƙi duba wanda aka kawo rai a hannun Allah. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana haka.
4. In ciwo ya fi ƙarfinsa, ya tura ka gaba.

Wanda ya saɓa, hukumar na iya dakatar da shi ko ta soke sunansa. Saboda haka kada kunya ta hana ka tambaya. Rai ba a ba da aronsa.

Tambayoyi:

1. Wa ke ba likita izinin aiki?
2. Faɗi abu biyu da suka wajaba a kansa.