Darasin Kimiyya: Me Ke Cikin Akwatin Masu Rigakafi?

Darasinmu na wannan fitowa ya taso ne daga abin da dukkanmu muka saba gani. Duk lokacin da aka shiga kwanakin rigakafi, mukan haɗu da ma'aikatan lafiya a lungunan Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, suna bi gida-gida da wani ɗan akwati rataye a kafaɗa. Su buɗe, su ɗiga wa ƙannenmu magani a baki, su yi sauri su rufe. Shin mun taɓa tambayar kanmu dalilin wannan sauri?

Amsar ita ce zafi. Yawancin magungunan rigakafi ana son a ajiye su tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salshiyos. Mu kuwa a Kano, a watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, ga kuma ɗauke wuta da ba ta sallama. Idan zafi ya daki maganin, ƙarfinsa yakan ragu har ya ƙare, alhali a ido yana nan kamar lafiyarsa ƙalau. Uwa za ta koma gida da murna an yi wa ɗanta rigakafi, amma yaron bai sami kariya ba. Wannan ita ce matsalar da masana Fizik da injiniyoyi da masu ilimin kwamfuta suka daɗe suna nema wa mafita. Bari mu bi ta daki-daki.

Na farko: darasin randa

Mu fara daga tsakar gida. Me ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi? Jikin randa yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa yana tsatsowa ta cikinsu, iska ta busar da shi. Kafin ruwa ya zama tururi sai ya sha zafi, kuma daga jikin randar yake ɗibar wannan zafi. Giram 1 na ruwa yana kwashe zafin da ya kai jul 2,400 ko kusa da haka idan ya bushe a yanayi irin namu. Jul shi ne ma'aunin makamashi da muke karantawa a ajin Fizik. Haka kuma gumi yake sanyaya jikinmu.

Wani malami a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, marigayi Mohammed Bah Abba, wanda ya fito daga gidan magina tukwane, ya ɗauki wannan tsohon ilimi ya yi aiki da shi a shekarun 1990. Ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Yalon da kan lalace cikin kwana 3 sai ga shi yana kaiwa kwana 27. A shekarar 2000 ya karɓi lambar yabo ta Rolex saboda wannan aiki.

Amma fa a kula, tukunyar tana da iyakarta. Ta fi aiki lokacin hunturu da bazara, sa'ad da iska take a bushe. Da damina iskar ta riga ta ƙoshi da ruwa, don haka bushewa takan ragu, sanyin ma ya ragu. Kuma a zafi irin namu ba za ta sauko da sanyi zuwa digiri 8 ba. Ta isa ta ceci tumatir da alayyahon 'yan Kasuwar Tarauni, amma ba ta isa ta riƙe maganin rigakafi ba. Mai bincike na gari yana sanin abin da ƙirƙirarsa za ta iya da abin da ba za ta iya ba.

Na biyu: darasin ƙanƙara

A cikin akwatin masu rigakafi akwai robobin ƙanƙara da aka jera a gefe. Giram 1 na ƙanƙara yana shan jul 334 kafin ya narke, kuma muddin yana narkewa, yana nan a digiri 0, ba ya ɗagawa. Wato ƙanƙara rumbu ce ta ajiye sanyi. Bangon akwatin kuma an cika shi da wani abu mai kama da soso wanda ke hana zafin waje shiga da sauri. Duk buɗewa ɗaya, iska mai zafi ta sami ƙofa. Ga dalilin saurin rufewa.

Injiniyoyi sun yi amfani da wannan ilimi wajen gyara firijin sola. Firijin sola na farko suna dogara ne da batir domin dare, batir kuwa yana da tsada, zafi yana rage masa kwana, idan ya mutu firiji ya zama kwandon ajiya. Sai aka ce, me zai hana a ajiye sanyin maimakon a ajiye wutar? Sabon samfurin yana karɓar wuta kai tsaye daga faifan sola da rana, ya daskarar da ruwan da ke cikin bangonsa. Da dare ko ranar hadari, ƙanƙarar ce ke riƙe sanyin.

Ga misali na lissafi. A ce firiji yana da ƙanƙara kilo 10, wato giram 10,000. Idan muka ninka da 334 za mu sami jul 3,340,000. A ce kuma zafi yana kutsawa ciki da jul 10 kowace daƙiƙa. Ƙanƙarar za ta ɗauki daƙiƙa 334,000 kafin ta narke, wato kusan awa 93, saura kaɗan kwana 4, ba wuta ba janareto.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Sanyi ma idan ya yi yawa ɓarna yake yi. Wasu alluran, kamar ta ciwon hanta nau'in B da ta tetanus, suna lalacewa idan suka daskare. Shi ya sa ake koya wa ma'aikata su bar ƙanƙarar ta fara narkewa kafin su jera irin waɗannan allurai kusa da ita.

Na uku: tambarin da ke ba da shaida

To, yaya ma'aikaciya za ta san ko zafi ya taɓa kwalbar a hanya? A jikin kwalbar akwai wani ɗan tambari: da'ira, a tsakiyarta kuma murabba'i mai haske. An yi murabba'in da sinadarin da ke ƙara duhu gwargwadon zafin da ya sha da tsawon lokacin da ya ɗauka, kuma ba ya komawa yadda yake. Idan murabba'in ya fi da'irar haske, maganin yana da kyau. Idan launinsu ya zo ɗaya ko ya fi ta duhu, sai a jefar. An fara manna shi a kwalaben ɗigon shan-inna a 1996. Ba ya buƙatar wuta, ba ya buƙatar Turanci, ido kawai.

Na huɗu: aikin kwamfuta

Magani mai kyau bai yi amfani ba idan bai isa ga yaro ba. A da, da hannu ake zana taswirar unguwanni da ƙauyuka, sai a tsallake wasu rugage da lunguna ba a sani ba. Daga 2012 aka fara amfani da hotunan tauraron ɗan'adam wajen zana sababbin taswirori a jihohin Arewa, har da Kano. Aka kuma ba ayarin masu rigakafi wayoyi masu nuna inda mutum yake. Da yamma a zuba bayanan a kwamfuta, ta nuna inda aka taka da inda aka bari, washegari a koma. Ƙungiyar eHealth Africa mai ofis a nan Kano tana cikin waɗanda suka yi wannan aiki. Kano ta ga yaro na ƙarshe da ƙwayar shan-inna ta daji ta kama a Yulin 2014, kuma ranar 25 ga Agusta, 2020, aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da wannan nau'i. Duk da haka ana ci gaba da rigakafi, domin akwai sauran nau'in da ake yaƙa.

Abin da ya rage gare mu

Da yawanmu idan muka wuce ta gaban Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a titin Zariya, wanda aka kafa a 1988, burin zama likita ne ke zuwa mana. Buri ne mai kyau. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Bayan kowane likita akwai wanda ya ƙera firiji, da wanda ya haɗa sola, da wanda ya rubuta manhaja. Wanda bai sami gurbin likitanci ba, kada ya ɗauka ƙofar ceton rai ta rufe masa.

Aikin gida

1. Ku sami tukwanen ƙasa biyu da yashi, ku haɗa irin tukunyar Bah Abba. Ku ari ma'aunin zafi a ɗakin gwaje-gwaje da izinin malam, ku auna ciki da waje safe da rana har kwana 5, ku rubuta.

2. Firiji yana da ƙanƙara kilo 5, zafi yana shiga da jul 20 kowace daƙiƙa. Awa nawa za ta yi kafin ta narke?

3. Idan masu rigakafi suka zo gidanku, ku gaishe su cikin ladabi, ku roƙi a nuna muku tambarin jikin kwalba.

A saka amsoshi a akwatin ƙungiya da ke ƙofar laburare kafin ranar Juma'a, tare da suna da aji. Za mu liƙa waɗanda suka fi kyau a fitowa ta gaba. Sai mun ji daga gare ku.