"To, Baba" Ba Ta Noma Gona

Ɗan'uwa, buɗe Matiyu sura 21. Yesu ya ba da misalin wani mutum da ya aiki ƴaƴansa biyu gonar inabi. Ɗaya ya ƙi, daga baya ya tuba, ya tafi. Ɗayan ya amsa da ladabi, amma bai je ba. Wanda ya tafi, shi ya yi nufin ubansa.

Mu kam, ba a fi mu cewa Amin ba. Sau nawa ka ji wa'azin gafara a majami'a? Duk da haka, tun damina ba ka gai da maƙwabcinka ba, saboda rigimar iyakar gona. Yaranka kuwa suna kallo. Kafin sujadar Lahadi, ka bi ta ƙofar gidansa, ka yi sallama.