Kafin ki hura kasko a taron ƙaddamar da turarenki

Tun da matan Kajuru da Kasuwan Magani da Kufana suka shiga sana'ar haɗa turare da ƙarfinsu, wata sabuwar al'ada ta biyo baya. Mace ta gama koyo, ta haɗa humrarta da turaren wutarta na farko, sai ta gayyaci dangi da ƙawaye da matan unguwa zuwa gida, ta ƙaddamar da kayanta. Ina goyon bayan wannan ɗari bisa ɗari. Ba a biyan kuɗin hayar ɗakin taro, kuma wadda ta shinshina da hancinta ta fi saurin zaro kuɗi a kan wadda ta ga hoto a waya. Haɗa turare da koyar da shi ita ce sana'ata, kuma ɗalibaina kan kira ni in duba musu wuri kafin ranar taro, daga nan har Kafanchan. Abin da nake tararwa a falukan nan ne ya sa ni wannan rubutu.

Kusan kowacce abin da ta gani a Instagram ko TikTok take so ta kwaikwaya: ƙofa a rufe, labule a sauke don hoto ya yi kyau, kyandirori a jere tsakanin kwalabe, fitilu masu launi, kasko biyu ko uku suna tashi lokaci guda, sifika a kusurwa, janareta yana ruri a gindin taga. Masu irin wannan bidiyo da yawa suna da na'urar sanyaya ɗaki da mai zuƙe hayaƙi, kuma kyandir ɗin nasu sau da yawa na batir ne. Mu kuwa falonmu taga ɗaya ko biyu ne, ga rufin kwano, ga mata ashirin da goyo.

Gawayi ne babban abin da nake tsoro. Duk lokacin da yake ci, yana fitar da wata iska da masana ke kira kabon monoksayid, kuma janareta ma ita yake fitarwa, har ya fi gawayi yawa. Ba ta da launi, ba ta da wari. Idan aka shaƙe ta, tana manne wa jini fiye da iskar da muke rayuwa da ita sau ɗari biyu da ɗoriya, sai jinin ya yi ta zagayawa ba tare da ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke buƙata ba. Alamunta na farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala. Matsalar a wajen taron turare ita ce duk wadda ta ji haka cewa za ta yi ƙamshi ne ya hau mata kai, sauran kuma su ce ta ɗan kishingiɗa a uwar ɗaka zai wuce. Uwar ɗakan kuwa ta fi falon rashin iska. Masu juna biyu da jarirai da tsofaffi su ne suka fi saurin jigata, kuma su ne ba a raba taronmu da su.

Akwai wata ɗalibata da ta yi nata taron a lokacin hunturu. Saboda ƙura ta toshe tagogi da tsumma, ta ajiye janareta a ɗan lungun da ke tsakanin falo da katanga don kada a sace. Da na shiga na tarar da wata dattijuwa ta dafe goshi, wasu mata biyu suna hamma ba ƙaƙƙautawa, wani jariri kuma ya yi lamo a bayan uwarsa alhali uwar ta ce ba lokacin barcinsa ba ne. Na ce, “Hajiya, a yi haƙuri, kowa ya fito tsakar gida.” Aka kashe injin, aka fitar da kasake, aka ware tagogi. Allah ya taƙaita, dattijuwar kaɗai aka kai asibiti, kuma ta dawo da ƙafarta. Ba wanda ya yi niyyar cutar da kowa a gidan nan. Ɗalibar tawa so take ƙamshin ya zauna a ɗaki, kamar yadda ta ji ana faɗa.

To ga yadda nake sa ɗalibaina su yi. Gawayi a waje ake hura shi, a bar shi sai ya daina hayaƙi ya yi jajir, farar toka ta fara rufe shi, sannan a ɗauki 'yan ƙwayoyi uku ko huɗu a sa a kasko. Kasko ɗaya ya isa taro. A shigo da shi, a zuba turare ɗan tsunkule, a zagaya da shi, a mayar waje kafin a zuba wani iri. Taga biyu masu fuskantar juna su kasance a buɗe tun daga farko har ƙarshe. Wadda take da bona ta lantarki ta fi samun sauƙi, domin babu gawayi, kuma ba ta saurin ƙona sukarin da aka dafa itacen turaren da shi. Wannan ma wani abu ne da masu sana'a ya kamata su kula da shi: garwashi mai zafi sosai yana ƙone sukari kafin man turaren ya tashi, sai baƙuwa ta ji ƙauri, ta ɗauka haɗinki ne bai yi ba, alhali sandal ɗinki da hawi da farcen da kika sha wahalar wankewa da soyawa duk lafiyarsu ƙalau. Shi kuwa janareta, hukumomin lafiya a Amurka suna cewa a nisanta shi da gida aƙalla ƙafa 20, wato kusan mita 6, bututun hayaƙin ya juya wa ƙofa da taga baya. Idan tsoron ɓarawo ne, a sa masa sarƙa, ko a ba wani yaro ɗan abin shan ruwa ya zauna yana kallonsa daga nesa. Ba a sa janareta a zaure, ba a sa shi a lungu mai rufi.

Idan gidanki yana da tsakar gida mai inuwa ko rumfa, ki yi taron a can, ki huta da rabin wannan magana.

Sai kyandir. Turaren feshi, mafi yawan abin da ke cikin kwalbarsa alkohol ne, kuma tururin alkohol zalla yana iya kama wuta tun daga zafin da bai wuce digiri 13 a ma'aunin salshiyos ba. Ɗakunanmu sun wuce wannan ko da sanyin Janairu. Ki duba yadda taro yake: wata ta ɗauki kwalba ta fesa a wuyan hannu, wata ta fesa a mayafi, duk a saman teburin da kika jera wa kyandir shida. Wutar alkohol shuɗiya ce marar duhu, da rana ba a cika ganinta ba sai ta kama wani abu. Mayafan da muke yafawa yanzu kuwa da leshi da yawansu zaren roba ne, idan suka kama narkewa suke yi su manne a fata. Ni ba na yarda da kyandir a teburin da ake fesa turare, ko guda ɗaya. Na batir yana nan a kasuwannin Kaduna, a hoto ba a bambanta su. Jarkar alkohol da ragowar man haɗi a kulle su a wani ɗaki, nesa da madafa da hannun yara. A ajiye bokitin yashi da bargo mai kauri kusa da ƙofa. In tsautsayi ya faɗa wa tufar wata, kada ta ruga, ta kwanta ta yi birgima a lulluɓe ta da bargon, sannan a yi ta kwarara ruwa mai sanyi a kan ƙunar har minti 20. Ba a shafa man goge baki, ba a fasa ƙwai, ba a zuba manja. Ƙuna mai faɗi ko ta fuska ta asibiti ce kai tsaye, in ta fi ƙarfin na kusa a wuce Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a Kaduna.

Na san wata za ta ce, “Anti, in aka buɗe taga ai ƙamshin gudu zai yi.” Nan ne nake so masu sana'a su saurare ni, domin iskar da ke kare baƙinki ita ce kuma ke sayar miki da kaya. Hanci yana gajiya. Bayan ƙamshi uku ko huɗu a jere ya daina rarrabewa, komai ya zama abu ɗaya a wurinsa. Idan falon ya riga ya cika da hayaƙin turaren wuta, wadda kika ɗiga wa humra a hannu ba humrar take ji ba, ɗakin take ji. Shi ya sa nake cewa a fara da mai sanyi a ƙare da mai nauyi: turaren feshi mai ƙamshin lemo ko fure tukuna, sannan na mai, sannan farar humra, sannan baƙa, turaren wuta shi ne na ƙarshe. Kada kayan da za ki gabatar su wuce biyar, ko da kin haɗa goma sha biyu. Ki yanka farar takarda mai kauri sirara-sirara, ki rubuta sunan kowane turare a jiki, a fesa a kanta maimakon kowa ta cika jikinta. Tsakanin wannan da wancan a bar 'yan mintoci, a yi hira, wadda hancinta ya cushe ta leƙa waje ko ta shinshina hannun rigarta inda ba turare. Ki kuma gaya musu gaskiya cewa abin da aka ji a minti na farko ba shi ne turaren ba. Ƙamshin sama yana tashi da wuri, sandal da miski da al'ud su ne ke zama, kuma sai an ɗan jima suke bayyana. Matan Maiduguri da muka gaji yawancin wannan haɗi daga wurinsu, Kanuri da Shuwa, ba sa yanke wa humra hukunci sai ta kwana a jikin tufa.

Abinci ma ya jira. Soyayyen nama da albasa da zoɓon da ya sha cittar Kachia duk suna da nasu ƙarfin, kuma suna danne turare. Ruwa kawai a lokacin gwaji, a ci a sha bayan an gama.

A wajen gayyata ki tambayi kowa ko tana da asma ko wani ciwon ƙirji. Ba rashin kunya ba ne. Mai asma ta zo da abin shaƙarta, a zaunar da ita kusa da ƙofa, a sanar da ita kafin kasko ya shigo. Jarirai a fitar da su lokacin hayaƙi.

Maganar haske ba ta da tsawo. Hasken rana da ke shigowa ta taga ya fi kowace fitila nuna launin humra da tsabtar kwalba, kuma ba ya cin fetur, wanda kowa ya san yadda kuɗinsa ya koma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Abin kiyayewa shi ne kada rana ta doki kwalaben kai tsaye, domin zafi da haske suna sauya turare. Idan ana buƙatar ƙari, ƙwan fitila biyu na caji ko na sola, masu farin haske mai ɗan ɗumi, sun wadatar. Tsofaffin ƙwayaye masu zafi a nisanta su da tebur. Fitilu masu walƙiya ja da kore na gidan biki ne, suna hana a karanta abin da ke jikin kwalba. Wayoyin wuta kuma kada a bi da su ƙarƙashin kafet ko inda ake takawa.

Kiɗa kuwa a yi shi ƙasa-ƙasa. Ma'aunina mai sauƙi ne: idan sai kin ɗaga murya kafin wadda ke kusa da ke ta ji farashi, ya yi yawa. Ƙaramar sifika mai caji ta isa, kuma da ita da fitilun caji kin rabu da janareta gaba ɗaya. Garuruwanmu a cakuɗe suke, a taro ɗaya za ki ga Bahaushiya da 'yar Adara da Bafulatana, a Kafanchan ga Bajju da Fantswam da Atyap, Musulmi da Kirista. Ki zaɓi abin da ba zai sa wata ta tashi ba, ki kashe idan an kira salla, kada kuma ki sa taron a safiyar Lahadi ko lokacin Juma'a. Maƙwabta a sanar da su tun jajibiri. Lokacin da na fi so shi ne daga bayan azahar zuwa bayan la'asar kaɗan, yadda wadda ta zo daga Idon ko Maraban Kajuru za ta kama hanya da sauran rana. Duk mun san halin hanyoyinmu, kuma ba daidai ba ne a riƙe baƙuwa har magariba saboda kwalbar humra.

Akwai tambayar da za a yi miki, ki shirya mata: “Da alkohol a ciki?” Wasu don addini suke tambaya, wasu don fatarsu. Ki faɗi gaskiya, ki ware na mai daban da na feshi. Ki sayi alkohol ɗinki wurin wanda kika amince da shi, domin akwai wani iri mai suna metanol da ake amfani da shi a masana'antu, guba ne, yana iya makantarwa, kuma ba a bambanta su da ido. Kowace kwalba ta ɗauki sunan kayanki da ranar haɗi da yadda za a same ki. Turare yana cikin kayan kwalliyar da hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, take da alhakin yi wa rajista, don haka idan kina da niyyar kai kaya shaguna ki fara neman bayani tun yanzu, kuma kada ki taɓa buga lambar da ba taki ba. Mai fata mai saurin ƙaiƙayi ta gwada ɗigo ɗaya a cikin gwiwar hannu, ta jira zuwa gobe kafin ta saya da yawa.

Bayan baƙi sun watse akwai sauran aiki. Garwashin da ya rage a kasko a fitar da shi a kashe da ruwa ko yashi, kada a ce bari a kai ɗakin kwana ya ƙarasa ci don a more ƙamshin, musamman da hunturu da ake rufe ko'ina. Mai barci ba ya jin ciwon kan da zai gargaɗe shi. A bar tagogi a buɗe har ɗakin ya washe kafin yara su shiga su kwanta. Idan kuma a cikin daren mutum biyu ko uku a gidan suka tashi da ciwon kai da jiri lokaci guda, a fitar da kowa waje nan take, a nufi asibiti, a gaya wa ma'aikatan lafiya cewa an yi amfani da gawayi ko janareta a gidan.