Agogon batir, maganaɗisu da jan ƙasa

Wata wasiƙa ta zo mana daga Damagaram, daga wani mai gyaran agogo. Ya ce an kawo masa agogon batir da ya tsaya cak bayan ya kwana a kan lasifika, kuma ya ji ana cewa ko kife agogo aka yi, tafiyarsa na canzawa. Wai gaskiya ne?

To Malam, Allah ya yi wa sana'a albarka. Duka biyun akwai gaskiya a ciki.

Agogon da aka rubuta wa Quartz a fuska yana ɗauke da ɗan ƙanƙanin dutse mai baki biyu. Batir ke sa shi karkarwa sau 32,768 a daƙiƙa guda, agogo kuma yana ƙirgawa. Tun 1880 wasu 'yan'uwa biyu a Faransa, Jacques da Pierre Curie, suka gano alaƙar wannan dutse da lantarki.

Dutsen yana da nauyi komai ƙanƙantarsa, kuma wasu siraran ƙarafa ne ke riƙe da shi. In ka kife shi, jan ƙasa ya koma ɗaya gefen, matsin da ke kansa ya sauya, karkarwar ma ta sauya. A na'urorin ɗakin bincike masu tsananin daidaito, bambancin yakan kai kamar kashi 2 cikin biliyan, wato daƙiƙa ɗaya a kusan shekara 16. Kai Malam, wannan ba zai sa kowa ya makara salla ba. Masu ƙera jiragen sama da rokoki ne abin ke hana wa barci, domin can jijjiga da fizgar gudu kan ninka wannan matsi.

Maganaɗisu kuwa, dutsen kansa kusan bai san da shi ba. Ƙarafan da ke kewaye da shi ne ke ji. A agogon hannu akwai ɗan inji mai nasa maganaɗisun, shi ke juya hannuwan agogo, kuma shi maganaɗisun da ke cikin lasifikar ya riƙe. Nisanta agogon da lasifikar, ka saita lokaci, galibi zai ci gaba da tafiya.

Ni dai da za ka tambaye ni, zafi ya fi su ɓarna. Dutsen ya fi daidaito a wajen digiri 25. A bazara, in agogo ya wuni cikin zafin digiri 40, yana iya yin lattin fiye da rabin daƙiƙa a yini. Ka riƙa faɗa wa masu kawo maka gyara su daina barin agogo a gaban mota cikin rana.